Daga Fuloti Zuwa Tsakiyar Teku: Tarihin Haƙar Mai a Ruwan Nijeriya da Abin da Ta Haifar wa Ƙasar Auduga



Gabatarwa

Wataƙila wani daga cikin masu saurare zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen haƙar mai a cikin teku, balle kuma a ce za a danganta zancen da Malumfashi da Funtuwa, garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga gaɓar ruwan gishiri. To, kalma guda ce ta jawo ni. A zamanin kakanninmu in uwa ta ce wa yaro, "Je ka sayo mai," ba wanda zai yi shakkar abin da take nufi: man gyaɗa ne, ko man shanu, ko manja. A yau kuwa in aka ce mai ya tashi, ko babu mai a gari, ko an yi layin mai, kowa ya san fetur ake nufi. Kalmar ta baro gona da madafa ta koma tanki. Mu masu nazarin harshe mun san kalma ba ta sauya mazauni haka siddan, sai in rayuwar masu ita ta riga ta sauya.

Abin da nake so in nuna a wannan lacca abu guda ne. A da, gwamnati daga hannun manomi take ci, saboda haka tilas ta san inda yake, ta san abin da ya shuka, ta damu da daminarsa. Da mai ya bayyana, sa'an nan ya yi ta nisa daga tudu zuwa cikin teku, sai gwamnati ta sami abincin da ba ya bi ta hannun kowa. Tsinkewar wannan igiya da ta ɗaure mai mulki da manomi ita ce, a ganina, babban abin da man teku ya yi wa ƙasarmu ta auduga. Domin a gane haka sai mun bi tarihin daki-daki.

Ƙasar Auduga Kafin Zuwan Mai

Noman auduga a kudancin Katsina ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Ƙasar Maska ta daɗe da yin suna wajen saƙa, kuma mata masu kaɗi da masaƙa da marina da fatake duk sun ci abinci daga wannan tsiro tun kafin a ji sunan Ingila. Abin da Turawa suka yi shi ne karkatar da audugar zuwa masaƙunsu. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, wato BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije, domin masaƙun Lankasha su rage dogara ga audugar Amurka. Ƙungiyar ta kafa injunan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da wasu garuruwa, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa har ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin nan da injin gurza su ne suka mai da Funtuwa babban gari.

Kada wani ya ɗauka ina yabon wancan zamani ne ido rufe. Manomi ya sha wuya. Akwai haraji da jangali, akwai ƙwarar ma'auni a fuloti, akwai kuma hukumar ciniki wadda ke yanke farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta riƙe rarar. Amma a lura da abu guda. Da yake baitulmalin En'e da na gwamnatin Jihar Arewa sun dogara ga abin da manomi ya noma, tilas aka riƙa raba masa angurya, aka tura masa malaman gona, aka gyara hanyar da za ta fito da kayansa, aka kuma tsaya a kan binciken iri a Samaru. In damina ta yi gardama, gwamnati ma sai ta ji a jikinta. Da rarar auduga da gyaɗa aka sa hannun jari a masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, da irin wannan dukiya kuma Jihar Arewa ta tsai da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya. Ashe ke nan manomi yana da abin da zai riƙe mai mulki da shi, ko da bai sani ba.

Yadda Aka Fara Neman Mai, da Yadda Aka Shiga Ruwa

Neman mai a ƙasar nan ya faro ne tun 1908, sa'ad da wani kamfani mai suna Nigerian Bitumen Corporation ya yi ta haƙa a yankin Araromi na ƙasar Yarabawa, har zuwa gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba tare da ya sami abin sayarwa ba. A 1937 kamfanin Shell D'Arcy ya ɗauki aikin, Yaƙin Duniya na Biyu ya katse shi, ya koma a 1947. Sai a 1956 aka dace a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka kuma fara fitar da ɗanyen mai a 1958, ana samun ganga 5,100 a rana. Ganga ɗaya lita 159 ce.

A wancan lokaci duniya ta riga ta koyi bin mai cikin ruwa. A 1896 aka fara haƙa daga kan gadoji a gaɓar Kalifoniya. A 1947 kamfanin Kerr-McGee ya haƙa rijiya a Tekun Meziko a inda ba a hango tudu, a 1951 kuma aka gano filin Safaniya a ruwan Saudiyya, wanda ya fi kowane filin mai na teku girma. Dalilin samun mai a irin waɗannan wurare ba boyayye ba ne. Babban kogi kamar Kwara ya yi miliyoyin shekaru yana kwaso laka da yashi da ragowar halittu yana jibgewa a bakin teku. Nauyi da zafi suka dafa ragowar nan ta zama mai da iskar gas, yashi ya riƙe su kamar yadda soso ke riƙe ruwa, laka kuma ta rufe su daga sama. Jibgin nan bai tsaya a inda tudu ya ƙare ba, ya zarce can ƙarƙashin teku. Masu bincike sukan bi da jirgi suna aika ƙara mai ƙarfi zuwa ƙasan ruwa, suna sauraren amsa-kuwwar da duwatsu ke mayarwa, da ita suke zana taswirar abin da ido bai gani ba. Duk da haka ba a tabbatarwa sai an haƙa, kuma rijiyoyi da yawa sukan fito a bushe bayan an kashe maƙudan kuɗi.

A watan Disamba na 1963 kamfanin Gulf na Amurka ya gano filin Okan a bakin kogin Escravos, aka fara ɗiba a 1965. Wannan shi ne filin mai na farko a ruwan Nijeriya. Sunan Escravos ɗin ma abin lura ne, domin a harshen Fotugal ma'anarsa bayi. Wato gaɓar da aka yi ta lodin 'yan Adam, daga baya aka yi ta lodin manja, ita ce kuma aka koma ana lodin fetur. A 1970 kamfanin Mobil ya fara ɗibar mai a ruwan da ke daura da Jihar Akwa Ibom ta yanzu, yana tarawa a tashar Qua Iboe. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya koya wa kamfanoni da gwamnati wani darasi: yayin da aikin rijiyoyin tudu na gabas ya tsaya, man Okan bai daina fita ba. Tun daga ranar aka gane cewa rijiyar da ke cikin ruwa ta fi nisa da rigimar mutane.

A nan ya kamata in gyara wata magana da muka saba yi a Arewa, cewa da kuɗin gyaɗa da auduga aka haƙo mai. Gaskiyar tarihi ita ce kamfanonin ƙetare ne suka zuba kuɗin bincike da haƙa, suka kuma ɗauki asarar busassun rijiyoyi. Abin da gyaɗa da auduga da koko da manja suka yi shi ne riƙe ƙasar kanta, da ma'aikatanta da hanyoyinta da makarantunta, har man ya kawo ƙarfi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya ishe mu alfahari ba sai mun ƙara gishiri ba.

Man Teku Na Wane Ne?

Rijiyar tudu tana cikin gonar wani, ko fadamar wani ƙauye. Ta teku fa? Wannan tambaya ta fi shekara 50 tana ta da ƙura. Tsarin mulkin 1963 ya ce a mayar wa kowace jiha rabin kuɗin haƙƙin ma'adinan da aka haƙa a cikinta, ya kuma lasafta ƙasan tekun da ke daura da jiha a matsayin wani yanki nata. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sauya wannan. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan man ƙasar, sa'an nan doka ta 9 ta 1971 ta ce kuɗin man teku na tarayya ne, ba na jihohin gaɓa ba. A shekarar nan ta 1971 aka kafa kamfanin mai na ƙasa, wanda ya zama NNPC a 1977, Nijeriya kuma ta shiga ƙungiyar OPEC. Kason da ake mayarwa inda aka haƙo mai ya yi ta raguwa, ya sauko kashi 20 cikin ɗari a 1975, ya ci gaba da faɗuwa, kafin tsarin mulkin 1999 ya tsai da shi a kan aƙalla kashi 13.

Da mulkin farar hula ya dawo sai gardamar ta koma kotu. Ran 5 ga Afrilu 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa iyakar jihar gaɓa ita ce inda ruwa ke tsayawa in ya janye, abin da ke gaba da nan na tarayya ne. Jihohi irin su Akwa Ibom, waɗanda galibin mansu na ruwa ne, suka ga za su tashi a tutar babu. Saboda haka aka yi sulhu na siyasa: dokar 2004 ta ce duk man da aka haƙa a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba, a lasafta shi cikin na jihar da ke daura da shi. Jihohin Arewa da wasu na Kudu maso Yamma suka ƙalubalanci dokar, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a 2005. A wajen gida ma an yi irin wannan ja-in-ja, domin albarkatun ruwan Bakasi suna cikin abin da ya zafafa shari'ar da Kotun Duniya ta yanke wa Kamaru a watan Oktoba na 2002.

Me ya shafi mutumin Malumfashi a nan? Ya shafe shi ƙwarai. Man da ke can cikin zurfi ba shi da jiha, yana shiga asusun tarayya ne, daga nan a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi wata-wata. Mafi yawan abin da Jihar Katsina da ƙananan hukumominta 34 ke kashewa daga wannan kaso yake fitowa. Albashin malamin firamare a Ƙafur, da maganin asibitin Bakori, da kwaltar da aka malala a Ƙanƙara, duk suna da jijiya a ƙarƙashin teku.

Shekarun Yalwa da Abin da Suka Yi wa Gona

A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Kafin tsakiyar shekarun 1970 mai ya zama fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da Nijeriya ke samu daga kayan da take fitarwa, a 1979 kuma abin da ake haƙowa ya kai wajen ganga miliyan 2.3 a rana. Wani ikon Allah, daidai lokacin da kuɗi ke malala a Ikko, a lokacin ne farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonakin Arewa, sa'an nan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta Kano ta rushe, ba ta sake tashi ba. Da a ce shekara 15 kafin nan abin ya faru, da gwamnati ba ta yi barci ba sai gyaɗa ta farfaɗo, domin ba ta da wani abinci. Amma a 1975 tana da shi.

Akwai kuma wata hanya da mai ya bi ya kassara auduga ba tare da an ga hannunsa ba. Masana tattalin arziki suna kiranta ciwon Holan, saboda abin da ya sami masana'antun ƙasar Holan bayan ta gano iskar gas a 1959. Ga yadda abin yake. Kuɗin ƙetare suka yi yawa, naira ta yi tsada, saboda haka shinkafa da alkama da yadin waje suka yi araha, audugarmu kuma in an sayar da ita a waje abin da za ta kawo da naira bai taka kara ya karya ba. A ɗaya gefen, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 da ayyukan gine-gine na birane suka ɗaga kuɗin ƙwadago. Auduga kuwa shuka ce mai cin hannu, daga noma har feshi har tsinka. Saurayin da zai yi wunin tsinkar auduga ya ga gara ya tafi Kaduna ko Kano ya ɗauki bulo. Manomi bai yi lalaci ba, lissafi ya yi, lissafin kuma daidai ne.

Adalci ne a faɗi cewa kuɗin mai sun zo yankin nan ta wata ƙofa. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Shirin ya yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da takin zamani mai rahusa. Shi ne ya yaɗa noman masara a ƙasar da da dawa da gero da auduga aka sani, har yankin ya zama ɗaya daga cikin rumbunan masarar Nijeriya, kamar yadda kasuwannin Dandume da Bakori ke shaidawa. Sai dai masu nazari da yawa sun lura cewa manyan manoma da masu hanya sun fi ƙananan cin moriyarsa. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya da hedkwatarta a Funtuwa. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi na juyin noma na Shagari a 1980. A 1980 ɗin kuma aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda aka riƙa turo wa ɗanyen mai ta bututu tun daga Escravos.

Amma a dubi yadda dangantakar ta juye. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin an daɗe ana cin zalinsu da sunan haraji. Sai dai abin da ya sa sokewar ta yiwu shi ne akwai kason mai. Daga nan manomi ya tashi daga mai ciyar da gwamnati ya koma mai jiran tallafinta. Mai bayarwa yana iya tambayar inda aka kai abinsa, mai karɓa kuwa sai godiya.

Da farashin mai ya faɗi warwas a 1986, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki har da ta auduga. Farashi ya ɗan kyautatu ga manomi na wani lokaci, amma babu sauran mai tsare ingancin iri da daraja. Angurya ta gauraye, masaƙu suka rasa amintacciyar auduga, ga rashin wutar lantarki, ga yadin fasa-ƙwauri. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Shiga Ruwa Mai Zurfi

A 1993, lokacin da gwamnati ba ta da kuɗin zuba nata kason na jari, aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanoni domin su shiga ruwa mai zurfi. Kamfani zai kashe kuɗinsa, in ya dace ya fara cire abin da ya kashe, sa'an nan a raba riba. Domin a jawo su, doka ta 9 ta 1999 ta sassauta kuɗin haƙƙin mallaka gwargwadon zurfi: kashi 12 cikin ɗari daga mita 201 zuwa 500, kashi 8 har mita 800, kashi 4 har mita 1,000, abin da ya wuce nan kuwa ba a biyan ko kwabo. Sai ga shi manyan filayen da aka gano galibi sun wuce mita 1,000. Ba a gyara wannan doka ba sai 2019, sa'ad da aka sa kashi 10 a kan duk abin da ya wuce mita 200.

Filin Abo na kamfanin Agip ya fara bayarwa a 2003. Na Bonga, na kamfanin Shell, ya fara a watan Nuwamba na 2005, yana da nisan kilomita 120 daga gaɓa, wato kusan tafiyar Malumfashi zuwa Kano, a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000. Erha ya biyo a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012, Egina a ƙarshen 2018. A irin wannan zurfi ba a kafa turaku. Bakin rijiya yana can ƙasan teku, bututu masu lanƙwasa suna hawo da mai zuwa wani ƙaton jirgi da aka ɗaure wuri guda. Jirgin ne ke raba mai da ruwa da gas, ya adana, ya ɗura wa jiragen dako. Na Bonga an gina shi ya iya sarrafa ganga 225,000 a rana. Ma'anar wannan ita ce ana iya haƙo man Nijeriya a sayar da shi a Turai ko Indiya bai taɓa ƙasar Nijeriya ba, ba kuma tare da ya bi ta garin kowa ba.

Kamfanonin sun fahimci amfanin wannan nisa. Fasa bututu da satar mai da rikicin 'yan bindigar Neja Dalta, wanda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kwantar da afuwar 2009, duk sun fi tsanani a tudu da fadama. A 2024 da 2025 kamfanonin Eni da ExxonMobil da Shell suka sayar wa kamfanonin gida kadarorinsu na tudu ko na ruwa marar zurfi, suka riƙe na can ciki. Amma nisa ba ya hana ɓarna. Fashewar rijiyar Funiwa a 1980, da malalar Idoho a 1998, da ta Bonga a watan Disamba na 2011 wadda ta kai wajen ganga 40,000, duk masunta da mazauna gaɓa ne suka kwashi kashinsu a hannu. In muna lissafin abin da mai ya yi wa gonarmu, wajibi ne mu tuna abin da ya yi wa komar masuncin Ibeno. Shi da manomin Dayi ciwonsu ɗaya: dukiyar da ta wuce ta kansu ta hana a ji muryarsu.

Darasi

A 'yan shekarun nan mun ga yadda 'yan bindiga suka hana noma a sassan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, har aka kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Dalilan wannan bala'i suna da yawa, ba zan ɗora su duka a kan mai ba. Amma ina roƙon masu saurare su yi tunani a kan abu guda: gonar da aka bari ta zama saura a Faskari ba ta rage ko sisin kwabo daga kason wata. A zamanin da baitulmali ke jiran auduga, gunduma guda ta kasa noma magana ce da za ta hana Kaduna barci.

Wasu suna ganin maganin shi ne Arewa ta sami nata man. An daɗe ana nema a yankin Tafkin Chadi, an ba da sanarwar samunsa a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, a 2019, maƙwabtanmu na Nijar kuma suna haƙa a Agadem, suna tacewa kusa da Damagaram tun 2011. Ina yi wa wannan nema fatan alheri, amma tarihin da muka bi ya nuna cewa rijiya ba ta gyara abin da rijiya ta ɓata. Abin dubawa shi ne yadda ake sarrafa kuɗin. Indunisiya ta sami yalwar mai a shekarun da muka samu, ta zuba kaso mai tsoka a ban-ruwa da taki da iri da hanyoyin karkara, ta kuma hana kuɗinta yin tsadar da za ta kashe manomi, har ta wadatu da shinkafa a 1984. Nowe, wadda ta gano filin Ekofisk a 1969, ta kafa asusun ajiya a 1990 domin jikokinta.

Saboda haka nake ba da shawara uku. Ta farko, majalisar jiha da ƙananan hukumomi su ɗaure wani sanannen kaso na abin da ke zuwa daga tarayya a kan abin da zai daɗe bayan mai: madatsun ruwa, da hanyoyin kai amfanin gona kasuwa, da yaɗa ingantaccen irin da cibiyar Samaru ke fitarwa. Ta biyu, a nemi haƙƙinmu na mai ta fuskar da ta fi amfanar gona. Takin yuriya daga iskar gas ake yin sa, injin ban-ruwa da fetur yake aiki, kuma kowane mai noman rani ya ji a jikinsa tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023. Taki mai isowa kan kari da wutar da za ta juya injin gurza da masaƙa sun fi rabon buhun shinkafa. Ta uku, wadda ta fi wuya, mu koma ga tambaya. Ƙungiyoyin manoma da malamai da ɗalibai su riƙa neman sanin nawa ya shigo ƙaramar hukumarsu kowane wata, ina kuma aka kai shi. Kuɗin teku ba kyautar gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba ne, dukiyar jama'a ce, kuma mai dukiya shi ke bin sawunta.

Kammalawa

Mun taso daga fuloti, inda manomi ke tsaye gaban sikeli yana gardama a kan lambar audugarsa, mun ƙare a kan jirgin da ke tsakiyar teku, inda babu manomi balle gardama. Tsakanin waɗannan wurare biyu ne tarihin yankinmu na shekara 60 ya gudana. Rijiya kowace iri tana da ranar ƙafewa, Oloibiri ma da aka fara da ita ta daɗe da zama kufai. Ƙasar Malumfashi da Funtuwa kuwa, in an ba ta taki da ruwa da zaman lafiya, tana nan tana bayarwa kamar yadda ta ba kakanninmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.